Idan abu ya sami yaro a cibiyarku: yadda ake kai rahoto

Yaro mai baki, idan aka mare shi a makaranta, kafin magariba uwarsa ta ji. Wanda ba ya magana, ko wanda yake magana amma an saba cewa ba a kama zancensa, sai dai wani ya faɗa a madadinsa. Wanda zai faɗa ɗin kuwa shi ne wanda yake wurin: malama, mai raino, mai gadi, mai dafa abinci, direban da ke ɗauko yara daga Bukoki da Lazare da Harobanda. Domin su na rubuta wannan jagora, da kuma daraktocin cibiyoyi da azuzuwan da ke karɓar masu naƙasar basira a Yamai, wato masu galahanga (otizim, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane), masu tirizomi 21 (lalurar da ake haifar yaro da ita, wadda ake kuma kira Down), da waɗanda sanƙarau ko doguwar naƙuda ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Zan riƙa cewa "yaro", amma duk abin da ke nan ya shafi yarinya, ya kuma shafi baligi mai shekara 30 da ke koyon sana'a a hannunku.

Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa yara masu naƙasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi da kusan ninki 4, kuma a wajen lalata masu naƙasar basira suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai mugun nufi yana zaɓen wanda ba zai iya ba da labari ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma sashe na 16 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasa nauyin ganin an gano cin zarafi, an bincika, an gurfanar da mai laifi idan ta kama. A cikin gida akwai doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019 kan masu naƙasa. Amma alƙali da ɗan sanda da likita ba sa zaune a ajinku. Abin da ma'aikaci bai faɗa ba, bai rubuta ba, ba zai taɓa isa teburinsu ba.

Abubuwan da ake kai rahotonsu

Akwai waɗanda ba a jira da su ko na awa ɗaya: mutuwa, rauni da ya kai ga asibiti, ɓacewar yaro, shaƙewa da abinci, farfaɗiya da ta daɗe, shan maganin da ba nasa ba ko wanda ya wuce ƙima, da duk wani zargin duka ko lalata, ko daga wa ya fito. A wannan rukuni na sa abubuwan da mutane da yawa ba su ɗauka laifi ba saboda an saba da su: ɗaure yaro da igiya ko zane a kujera, kulle shi shi kaɗai a ɗaki, hana shi abinci ko ruwa da sunan horo, barinsa cikin fitsari tun safe har azahar, da danne shi a ƙasa fuska a kife. Wannan na ƙarshe yana toshe numfashi, kuma ya kashe mutane a cibiyoyi a ƙasashe da dama.

Sai waɗanda ake rubutawa a ranar, ko da ba su tayar da hankalin kowa ba: faɗuwa, cizo tsakanin yara, ƙujewa, tsallake lokacin magani, tabon da ba a san asalinsa ba, kuɗi ko kayan yaro da suka ɓata, yaron da ya saba cin abinci ya ƙi ci kwana biyu. Akwai kuma abin da ya kusa faruwa Allah ya kiyaye. An tarar da ƙofar gida a buɗe amma ba wanda ya fita, ko an ga kwalbar javel a inda hannun yaro ke kaiwa. Waɗannan ma a rubuta su, don su ne gargaɗin da ake samu kyauta.

Idan kana shakka ko abu ya isa a rubuta, rubuta. Tantancewa aikin darakta ne.

Mataki na farko: rai da lafiya

Takarda tana iya jira, numfashi ba ya jira. A raba masu faɗa, a janye sauran yara, a sa mutum ɗaya ya tsaya da wanda abin ya shafa. Lambobin da ya kamata a manna a bangon kowane aji su ne 15 na motar agajin asibiti, 17 na ƴan sanda, 18 na ƴan kwana-kwana, da lambar CSI (asibitin unguwa) mafi kusa, da ta wani mai taksi da kuka amince da shi.

Farfaɗiya ta cancanci ƙarin bayani, domin da yawa daga cikin yaran nan suna da ita, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Duba agogo da zarar ta fara. Kawar da abin da zai ji masa rauni, sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, idan fizgar ta lafa ka kwantar da shi ta gefe. Kada ka sa masa cokali ko yatsa a baki, kada ka ɗura masa ruwa ko rubutu, kada ka danne shi. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, saboda haka ba dalilin guduwa. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, asibiti za a nufa nan take. Mintocin da ka ƙirga su ne abu mafi amfani da za ka ba likita.

Idan yaro ya ɓace, kada a ce a jira zuwa yamma. A raba mutane, a fara duba inda ruwa yake: rijiya, tanki, kwalbati, kududdufin damina, kwarin Gunti Yena da ya ratsa garin, bakin kogi ga waɗanda suke kusa. Yara masu galahanga da yawa ruwa yana jan hankalinsu, kuma ba su san haɗarinsa ba. Bayan nan sai titi da tashar mota da kasuwa. A sanar da komsariyar unguwa, a yi cigiya a masallatai. Don irin wannan rana ake ajiye sabon hoton kowane yaro a fayil ɗinsa.

Mataki na biyu: faɗa da baki, nan take

Da hankali ya ɗan kwanta, wanda ya gani ya sanar da darakta ko mataimakinsa, ido da ido ko ta waya. Ba a aika saƙo ta bakin wani, ba a kuma cewa ai wance ta gani, ita za ta faɗa. Idan mutum uku suka gani, nauyin yana kan su uku. Ba sai kana da hujja ba. Zato mai dalili ya isa, kuma bincike ba aikinka ba ne.

Mataki na uku: sauraro da adana shaida

Wani lokaci yaron ne da kansa zai faɗa, da kalma biyu, ko da nuni, ko ta hanyar kwaikwayon abin da aka yi masa da ƴar tsana. Ka zauna daidai tsayinsa, ka saurara ba tare da ka nuna firgici ba. Tambayar da ta halatta ita ce irin "Me ya faru?" da "Sai me?" Tambaya irin "Mai gadi ne ya taɓa ka, ko?" tana lalata komai, domin da yawa daga cikinsu sun saba cewa "i" ga duk abin da babba ya faɗa, kuma gobe lauyan wanda ake zargi zai ce ku kuka sa masa magana a baki. Kada ka yi masa alkawarin cewa ba za ka faɗa wa kowa ba. Ka ce masa: "Ka kyauta da ka faɗa mini. Ba laifinka ba ne. Zan faɗa wa wanda zai taimake mu." Kuma kada a bi layi, malama ta tambaya, darakta ya tambaya, kowa ya zo ya ji da kunnensa. Sau ɗaya ya isa, sauran na masu bincike ne.

Idan ana zargin lalata, abin da zuciya za ta fara raya wa mace mai tausayi shi ne ta yi wa yarinyar wanka ta canza mata kaya. A daure a bari. Kada a wanke jiki, kada a wanke tufafi ko zanen gado. Idan dole a cire kaya, a naɗe su cikin takarda mai tsabta, a guji leda, don danshi yana ɓata shaida. A kai ta asibiti a ranar. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar SIDA sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma yana iya kaiwa kwana 5, amma duk wanda aka fara da wuri ya fi ƙarfi. Ƴan sanda ko jandarmomi suna ba da takardar da ake kai wa likita don ya duba ya rubuta shaidarsa, sai dai neman takardar kada ya jinkirta magani. Yara maza ma ana yi musu, kuma an fi ɓoye nasu.

Mataki na huɗu: rubutu

A nan aka fi samun rauni, a nan kuma zan daɗe.

A rubuta kafin a tashi daga aiki a ranar. Gobe an riga an yi hira da abokan aiki, kowa ya gyara abin da ya tuna ya dace da na ɗan'uwansa, ba tare da ma ya sani ba. Kowane shaida ya rubuta nasa shi kaɗai. Cibiya ta tanadi rajista mai ɗinkakken baya, mai lamba a kowane shafi, yadda ba za a yage shafi ba a gane ba. Da biro ake rubutu. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, a sa hannu a gefe, kada a goge.

Rahoton ya ƙunshi sunan yaron da shekarunsa, rana da lokacin da abin ya faru, lokacin da aka gano shi idan sun bambanta, wurin, waɗanda suke nan, abin da ke gudana kafin abin ya faru, abin da ya faru, abin da aka yi, waɗanda aka sanar da ƙarfe nawa, sai suna da sa hannun mai rubutu.

Ƙa'ida mafi girma ita ce ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, ka bar fassara. Dubi wannan: "Yau ma ya tashi da rigimarsa, ya yi ta hauka har ya ji wa kansa ciwo." Ba abin da likita ko alƙali zai ɗauka a ciki, illa cewa mai rubutun ya gaji da yaron. Ga yadda ya kamata, a misali: "Da ƙarfe 10 da minti 20, a aji, ana cikin rera waƙa da tafi, ya toshe kunnuwansa, ya buga goshinsa a bango sau 3. Na sa hannuna tsakanin kansa da bangon, na fita da shi inuwa. Akwai kumburi a goshi ta hagu, faɗinsa kamar santimita 2, babu jini. Ya natsu bayan minti 10." Wanda ya karanta wannan ya san abin da ya faru, ya kuma fara hango cewa ƙarar ce ta dame shi.

Maganar yaro a rubuta ta yadda ya faɗe ta, da harshen da ya faɗa. Idan da Zabarmanci ya yi magana, a sa Zabarmancin, fassarar ta biyo baya. Idan ya kira al'aura da sunan da ake kiranta a gidansu, a rubuta wannan sunan, kunya ba ta da wuri a nan. Abin da wani ya faɗa maka, ka nuna cewa ji ka yi: "Mai dafa abinci ta ce mini ta ga..."

Rauni kuma a kwatanta shi: ina yake, dama ko hagu, girmansa, siffarsa, launinsa. A zana hoton jikin mutum gaba da baya, a sa alama a wurin. Kada ka rubuta cewa tabon na kwana uku ne, domin launi ba ya nuna kwanakin tabo, ko likitoci ba sa dogara da shi. Amma ka san cewa wurin tabo yana da ma'ana. Yaro mai guje-guje yana ƙujewa a gwiwa, ƙwauri, gwiwar hannu da goshi. Tabo a kunne, wuya, ciki, baya, cikin cinya, ko mai siffar yatsu, bulala, wayar lantarki ko bakin taba, ba a wuce shi da cewa faɗuwa ya yi.

Ma'aikata da yawa, musamman masu gadi da masu raino, ba sa rubutu da Faransanci, wasu ba sa rubutu sam. Wannan ba ya sauke musu nauyi, kuma bai kamata ya zama dalilin da za a rasa shaidarsu ba, don sau da yawa su suka fi kowa gani. Ya faɗa da Hausa ko Zabarmanci, wani ya rubuta, a karanta masa, idan ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda ake zargi ko abokinsa na kusa ba shi zai riƙe biron ba.

Batun hoto: idan za a ɗauki hoton rauni, da wayar cibiya za a ɗauka, da sanin darakta, kuma ba a taɓa ɗaukar hoton al'aura, wannan na likita ne. Kada hoto ko sunan yaro ya shiga zauren WhatsApp na ma'aikata ko na iyaye. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma ko ba doka, yarinyar da labarinta ya zaga unguwa an cuce ta sau biyu.

Mataki na biyar: iyaye

Iyaye su ji a ranar, daga bakinku, kafin su ga tabon wajen wanka. Babban abu a kira su nan take, ƙarami a faɗa wa wanda ya zo ɗaukar yaron, a kuma rubuta cewa an faɗa. A yi magana kai tsaye: "Hajiya, yau da hantsi wani yaro ya cije shi a hannu. Mun wanke, mun kai shi CSI, ga takardar. Ga kuma abin da za mu canza." Ba a ambatar sunan ɗayan yaron. Iyaye suna iya yafe haɗari, abin da ke kashe amana shi ne su gano an ɓoye musu.

Wuri ɗaya ne ake jinkirta sanar da gida, wato idan zargin yana kan wani na gidan. A nan hukuma ake fara sanarwa, ita za ta ce yadda za a tunkari iyalin, don kada yaron ya koma hannun wanda ake zargi bayan an riga an tsegunta masa.

Mataki na shida: fita da magana waje

Duka mai rauni, lalata, mutuwa da ɓacewa ba a gama su a ofishin darakta. Rundunar ƴan sanda tana da sashen kare yara da mata, ana kuma iya zuwa komsariyar unguwa ko wurin jandarmomi. Akwai alƙalin yara, wanda doka mai lamba 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta tsara aikinsa, kuma hurumin nasa ya haɗa da yaron da ke cikin haɗari, ba mai laifi kaɗai ba. Akwai cibiyoyin kare yara na gwamnati da ake kira CEPPP, masu ma'aikatan jin daɗin jama'a. Idan baligi ne, ƴan sanda da mai gabatar da ƙara na gwamnati ake nufa, kuma tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ta ƙasa, FNPH, wuri ne na neman shawara da rakiya. Shawarata ita ce kowace cibiya ta rubuta a dokarta cewa irin waɗannan suna isa hukuma cikin awa 24, ta kuma je ta gabatar da kanta a komsariyar unguwa tun kafin wani abu ya faru.

A wannan mataki ne za a zo muku da maganganun da kowa ya sani. "A rufa asiri." "Ƙaddara ce." "Yana da iyali, kada a raba shi da abincinsa." "Dama yarinyar ba ta san abin da aka yi mata ba." Wani lokaci iyayen ne da kansu za su roƙa, saboda tsoron bakin mutane, kuma tsoron nasu gaskiya ne, ya kamata a tausaya musu, a tabbatar musu cewa sunan ƴarsu ba zai fita daga bakinku ba. Amma ta san abin da aka yi mata. Jikinta ya sani, barcinta ya sani. Asirin da aka rufe a irin wannan hali na mai laifin ne, kuma wanda aka sallama shiru-shiru wata cibiyar zai koma neman aiki. Dokar hukunta laifuka ta ƙasar nan tana kama wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da ikon taimako, ya ƙi.

Idan ma'aikaci ake zargi, a janye shi daga hulɗa da yara tun ranar har a gama bincike. Wannan ba yanke hukunci ba ne, kariya ce ga yaron, kuma kariya ce gare shi idan ba shi da laifi. Kada a haɗa shi da yaron fuska da fuska a ce su yi bayani. Idan darakta ne ake zargi, ko aka faɗa masa ya danne maganar, ma'aikaci ya wuce shi zuwa shugabannin ƙungiyar da ke da cibiyar, ko kai tsaye zuwa hukuma, ya kuma rubuta wa kansa ranar da ya faɗa da wanda ya faɗa wa. A Ingila, a 2011, gidan talabijin na BBC ya fallasa azabar da ake gana wa masu naƙasar basira a asibitin Winterbourne View, har kotu ta sami ma'aikata 11 da laifi. Kafin nan wani nas ya kai ƙara ga shugabanninsa da hukumar sa ido, ba a saurare shi ba. Saboda haka darakta ya sani cewa yadda ya karɓi rahoton farko shi zai nuna ko za a kawo masa na biyu. Malamar da ta ce "na manta ban ba shi maganin rana ba" idan aka ci mutuncinta a gaban mutane, ita da duk wanda ya gani sun koyi yin shiru.

Mataki na bakwai: komawa kan rajista

Sau ɗaya a wata, darakta da ma'aikata biyu ko uku su zauna su karanta duk abin da aka rubuta, har da ƙananan. Tambayoyin su ne: wane yaro ne sunansa ke yawan fitowa, a wane lokaci, a wane wuri, a hannun wa. Nan za a ga cewa faɗuwa uku duk a matakalar banɗaki ɗaya aka yi su, ko cewa cizo yana yawa ne da ƙarfe 12 lokacin da malama ɗaya ta tafi raba abinci ta bar ɗaya da yara 15, ko cewa wata yarinya kullum ranar Litinin take zuwa da sabon tabo. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, a duba ko suma da farfaɗiya sun ƙaru, a ƙara yawan ba da ruwa, domin yaron da ba ya magana ba zai ce yana jin ƙishirwa ba.

Kowane abu da aka gano a rubuta gyaransa a gefe, da sunan wanda zai yi, da ranar da zai gama. A zaman wata mai zuwa da wannan shafin ake farawa. Sabon ma'aikaci kuma, ko na sa-kai ne da zai yi mako biyu, a zaunar da shi a ranarsa ta farko a nuna masa rajistar, da lambobin da ke bango, da mutum biyu da zai iya kai wa magana idan ɗayansu ne matsalar.